Sunan Rabi a Tsibirin Kwara

Ku matso da bencin nan, ku bar wankin motar, ba gudu za ta yi ba. Tun da kuka nace sai na ba ku labari ɗaya daga cikin aikina kafin in tashi, to ga shi. Abubuwa da yawa sun zube mini daga ka, har sunayen wasu manyan da na tuƙa sai in yi ta lalube. Amma yammacin da maigidana Mamman Sani ya tsaya a dandalin wani tsibiri, da kwat da takalmi sau-ciki, jama'a sun yi tsit suna jiran kalma ɗaya daga bakinsa, wannan kam ban taɓa mantawa da shi ba.

Shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai ce. Gazawa a lokacin ba ta zama abin da kuka sani yau ba. Babban kumandan yana Tasawa, mu nan ƙaramin buro ne, wato ofis, mai ɗaki biyu. Akwai komi ɗaya, wato magatakarda, akwai masinja, sai ni Idi Direba da wata tsohuwar mota jif da Nasara suka bar mana. Shi Maigida a da shi ma komi ne. Da Nasara suka tattara ya-nasu-ya-nasu sai aka ɗaga shi ya zama shugaban buron. Mutum ne mai tsare gida, dariyarsa tsada gare ta, amma bai taɓa cin zarafina ba ko sau ɗaya.

Da daminar shekarar nan matarsa ta rasu wajen haihuwa, ita da abin da ke cikinta. Allah ya ji ƙanta, mace ce mai alheri, ban taɓa shiga gidan nan na fito da yunwa ba. Ta bar yara uku. Rabi ce ɗiyar fari, ba ta wuce sha ɗaya ba. Sai Hamisu, sarkin ƙiriniya, sai ƙaramarsu Binta da ba ta gama iya magana ba. Bayan kaka kuma takarda ta zo daga Yamai, an canza wa Maigida wurin aiki, an tura shi can gabas mai nisa, wajen tafkin Cadi. Ba wurin da namiji shi kaɗai zai kwashi yara ya tafi ba ne. Dangi suka zauna suka raba riƙo. Rabi za ta wurin gwaggonta, yayar Maigida, a Gidan Rumji. Hamisu wurin baffansa a Cadawa, Binta kuma wurin kakarta ta wajen uwa a Gangara. Babu mugu a cikinsu, kowa da zuciya ɗaya ya karɓa, amma dai gida ɗaya za a yi wa kashi huɗu.

Kafin ya tafi yana da konje, wato hutun ma'aikaci. Mu da, Nasara kaɗai muka sani da konje, mu in an ba mu hutu gona muke nufa. Sai wani abokinsa na lakol, wato makarantar boko, da ke aikin duwan, wato kwastan, a Gaya ya aiko masa cewa akwai wani gida a tsibiri cikin kogin Kwara, wani Nasara mai sayen kifi ya gina ya bari, ya zo da yara su huta. Mutanen Gazawa suka riƙe baki. A kwashi marayu a kai su tsakiyar ruwa don kawai su zauna? Ni kaina na ce a raina, to, Maigida ya fara zama Nasara. Sai daga baya na gane so yake ya ga 'ya'yansa wuri ɗaya, inda babu masu gaisuwar mutuwa, babu masu kawo ƙara.

Motar gwamnati ba ta fita haka kawai, ku kun sani, amma na lokacin ya fi naku tsanani. Sai an rubuto takardar izinin tafiya daga Tasawa, da hatimi, da sunan direba, da garin da za a je, kuma duk shingen jandarma sai ka sauka ka nuna. An haɗa tafiyar da kai wasu kayan buro Doso, shi ya sa aka ba da motar. Na ɗaure garewanin asansi, wato man fetur, a baya, na sa taya biyu na ko-ta-kwana, muka kama hanya. Kwalta? Wace kwalta! Gargada ce tun daga Cadawa har inda ƙarfinka ya ƙare, haƙoranka na kaɗawa kamar mai jin sanyi.

Yanzu bari in tuna muku abin da kuka fara mantawa. Ku yau kuna ɗaukar ɗan fari ku cilla shi sama a gaban iyayenku, kuna kiran sunansa har da waƙa. A zamaninmu, a gidan mutunci, uba ba ya kama sunan ɗan fari. Ba ya wasa da shi, ba ya zaunar da shi kusa. Kunya ce, ba ƙi ba ne. Maigida kuwa, duk da lakol ɗin da ya yi, ya riƙe wannan kam-kam. Hamisu ya hau masa cinya, Binta ta cire masa hula, amma Rabi "ke" ce, ko "yarinyar nan". In zai aike ta sai ya ce da ni, "Idi, ce wa yarinyar nan ta kawo ruwa," alhali ga ta nan tsaye a gabansa.

Da muka ratsa Gidan Rumji ya ce kada in tsaya, sai a dawowa. Na hango Rabi a madubi ta sunkuyar da kai, ba ta ɗago ba har muka fita gari. Can gaba injin ya yi zafi, na tsaya gindin wata bishiya in ƙara ruwa. Maigida ya ja ƙananan biyu gefe. Ita ta zo ta riƙe mini buta.

Ta ce, "Kawu Idi, in tambaye ka?"

Na ce, "Tambayi, ɗiyata."

"Baba ya san sunana kuwa?"

Na yi dariya, sai na ga ba wasa take ba. Na ce, "Haba Rabi! Shi ya zaɓa miki shi, shi ya yanka ragon."

Ta ce, "To ban taɓa ji a bakinsa ba. Inna ma ba ta faɗa gaban mutane, amma in tana mini kitso mu biyu, takan faɗa a hankali. Yanzu in an aje ni Gidan Rumji, shi ya tafi gabas, shi ke nan ke nan. Ni sau ɗaya ma nake so in ji."

Na ce ta riƙe butar da kyau kada ta zube. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji har Gaya.

A Gaya muka bar motar a gidan duwan, muka shiga jirgin ruwa, irin dogon nan na katako da ake tuƙawa da gora da filafili. Ni ɗan tudu, babban ruwan da na sani shi ne gulbi in ya kawo da damina. Da na ga Kwara sai na damƙe bakin jirgi da hannu biyu ina karanta duk abin da na iya. Mai jirgin ya ce, "Direba, ina sitiyarin?" Hamisu ya yi ta ƙyalƙyala mini dariya har muka sauka. Tsibirin gari ne na Sarkawa masunta, Hausa suke ji irin ta Kabi, ko'ina ƙanshin bandar kifi. Gidan da aka ba mu yana can gefe, da barandarsa tana kallon ruwa.

Da safe Maigida ya kira ni. Ya ce, "Idi, nan babu mota, don haka aikinka ya canza. Da rana ina tare da su. Da yamma abokina zai riƙa aiko jirgi in haye cikin gari. An ce ana biki a tsibirin nan. Kai za ka zaɓa musu inda za su je kallo. Amma ka san su wa ka riƙe."

Na ce, "Na sani, ranka ya daɗe."

Kada ku ce sakaci ne. Ni na san dalili. Yamma ce ba ya iya ɗauka. A gida lokacin ne marigayiya ke shimfiɗa tabarma a tsakar gida, yara su kewaye akushi. Tun da ta rasu, da rana ta yi ja sai ka ga ya rasa inda zai sa kansa.

To ga ni da amanar yara uku a garin da ban san kowa ba, kuma biki ya kankama, don auren ɗan Sarkin Ruwa ake yi, ga masu tafiya su sun dawo da kifi. Da yamma kiɗa ke tashi ta ko'ina, yara kuma duk inda suka ji ganga nan ƙafarsu ke ja. Na ce a'a, direba ba ya shiga hanyar da bai tambaya ba. Ranar farko na bar su a gida na zaga ni kaɗai.

A can ƙarshen gari na tarar da wani wuri an kewaye da zana, goge na tashi a ciki, maza na shiga suna waige-waige. Ban ma ƙarasa ba na juyo. Ku riƙe wannan, duk wasan da aka kewaye da zana, mai shiga kuma yana waige, ba na yara ba ne. A bakin ruwa kuma, gindin wata babbar bishiya, na ga ana wani wasa na masu ruwa, mata na jijjiga suna faɗuwa. Ba na zagin al'adar kowa, amma yaron da uwarsa ba ta daɗe da rasuwa ba, ya ga mace ta faɗi ana yayyafa mata ruwa, ai ka saya masa firgita. Sai na zo fili a ƙofar gidan Sarkin Ruwa. Nan na ga tsofaffin mata sun baza tabarmi, sun zo da jikoki, ana suyar ƙosai, 'yan mata na share wuri. Na tambayi wata mai gyaɗa yaushe ake tashi. Ta ce da an yi sallar lisha kaɗan kowa ke kama gabansa, don masunta da asuba suke fita. Na duba kuma filin ya yi nisa da gaɓa, don na san Hamisu. Na ce alhamdu lillahi, inda tsofaffin mata suka kawo jikokinsu, nan zan kawo nawa.

Haka muka yi ta yi. Da la'asar in kai su kallon tseren jirage, samari na zuba filafili ruwa na tashi, Hamisu ya yi ta ihu har muryarsa ta dishe. Wata ranar kokawa. Bayan magariba kuma dandali, 'yan mata su yi da'ira, kalangu na tashi. Binta ta yi barci a kafaɗata, bakinta duk man ƙosai. Ita kuwa Rabi kullum tana gefen da'irar, tana tafi a hankali, ƙafarta na motsi, amma ba ta shiga. In ta yi kallon rawa kaɗan sai ta waiga wajen mashigin jirgi.

Mai riƙe da wasan wata tsohuwar zabiya ce, Inna Kulu, ƙarama ce a jiki amma muryarta har hayi ake ji. Da rana na same ta tana juya kifi a kan banda. Na durƙusa na gaishe ta.

Na ce, "Inna, baƙuwar ɗiyar nan tawa tana son shiga wasa."

Ta ce, "Ɗiyarka ce?"

"Ɗiyar maigidana ce."

"Uban ya mutu?"

"Yana nan da ransa. Uwar ce ta rasu. Shi da yamma yana hayewa gari."

Ta ce, "To ya zo. Ni ba na yi wa ɗiyar baƙo waƙa sai uwa ko uba ya tsaya gabana ya gaya mini sunanta da bakinsa. Na taɓa yi wa wata, uban ya zo ya yi mini wankin babban bargo, wai na fitar masa da ɗiya dandali. Tun ran nan na sa wa kaina doka."

Na ce, "Inna, sunanta Rabi, amma ɗiyar fari ce."

Ta dube ni ta yi tsaki. Ta ce, "Ku mutanen tudu da ɗaukar kaya mai nauyi! Riƙe sunanka, ban karɓa ba." Ta ci gaba da juya kifinta.

Na tashi ina saƙe-saƙe. Na ga ƙofa, amma ban ga yadda zan ja Maigida zuwa bakinta ba. Yaron gida bai isa ya ce wa ubangidansa ka kira sunan ɗiyarka ba. Kwanaki kuma na tafiya, kullum da yamma jirgi ya zo ya ɗauke shi, kullum Rabi ta bi jirgin da ido.

Ran da ya rage gobe mu koma, ma'aikatan Gaya suka shirya bal na ƙarshen shekara, wato rawar Nasara da garmaho, maza da mata, ga kwalabe. Da la'asar Maigida ya fito da kwat ɗinsa, ya ce, "Idi, yau da su zan haye. Daren ƙarshe ne, su ga fitilu, su ga rawa. Ka ce wa yarinyar nan ta yi wa ƙannenta wanka."

Na cire hula na ce, "Ranka ya daɗe, ran nan ka ba ni zaɓen inda za su. Ka karɓe ne?"

Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce, "Ban karɓe ba."

Na ce, "To bal ba wurinsu ba ne. Ana shan abin da ka sani, ba a tashi da wuri, kuma a dawo da yara uku cikin jirgi da duhu, ga dorina an ce tana yawo a mashigin. Ni ban zaɓa ba."

Na ce yau kam na jawo wa kaina. Can sai ya ce, "To ina ka zaɓa?"

"Dandali, ranka ya daɗe. Yau ake rufe biki. Sai dai uwar wasan ta ce ɗiyar baƙo ba ta shiga sai uba na wurin. Yarinyar kuwa tun da muka zo a gefe take tsaye, 'yan uwanta na rawa tana kallo."

Ban yi masa ƙarya ba, ban dai faɗi duka ba, kuma har yau ban yi nadama ba. Ya duba agogo, ya ce, "Zan biya in tsaya kaɗan. Jirgi na jirana."

Bayan magariba muka fita. Ga farin wata, ga fitilun aci-balbal an jera a kan turame. Gari duk ya fito. Rabi ta sa kayanta na salla, ta ɗaura kallabi ita da kanta, ya ɗan karkace, babu mai gyara mata. Maigida na biye da mu da kwat da takalmi, yana taka yashi kamar mai tsoron ya ɓata shi. Maza suka buɗa masa, aka kawo kujera, ya ce a bari, ba zama zai yi ba.

Inna Kulu ta hango mu. Ta bari aka yi waƙa ɗaya, sannan ta ɗaga hannu, kalangu ya tsaya cak. Ta zo ta kamo hannun Rabi ta kai ta tsakiyar fili. Ta ɗaga murya ta ce, "Ɗiyar wa ce wannan?"

Maigida ya ɗan ɗaga hannu, ya ce, "Tawa ce."

"Madalla da uba! Mi sunanta?"

Sai ya juyo wajena, yadda ya saba. Ya ce, "Idi, gaya mata."

Aiki aiki ne, har na buɗe baki. Inna Kulu ta ce, "A'a! Wannan ya gaya mini tun ran nan, ban karɓa ba. Bakinka nake so, ɗana."

Ya ce, "Inna, ɗiyar fari ce."

Wasu dattawa suka gyaɗa kai, don akwai waɗanda suka san abin. Na ce shi ke nan, za a bar maganar. Amma tsohuwar nan ba ta saki hannun Rabi ba. Ta sassauta murya ta ce, "Na ji, ɗana. Kunya abu ce mai kyau, ba na raina ta. Amma dubi inda kake, ruwa ya kewaye mu gaba da baya. In ɗiyarka ta zame daga jirgi, 'ke yarinya' za ka ce? Yarinya nawa ke bakin ruwa? Mu nan, ɗan da muka fi jin tsoron rasawa shi muka fi kiran sunansa, don ya saba da muryarmu, in mun kira ya waiwayo."

Wuri ya yi tsit, har ana jin man ƙosai na tafasa. Hamisu ya cika baki zai kwarma sunan, na yi wuf na toshe masa baki da tafin hannu. Mai jirgi na can gefe da gorarsa yana jira. Rabi ta kafa ido a ƙasa. Ni kuwa ina ta roƙon Allah a zuci, don in Maigida ya juya ya tafi, na kunyata yarinyar nan gaban gari guda, kuma da shi za ta shiga Gidan Rumji.

Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Ya dubi ɗiyarsa, kuma tun da nake da su ban taɓa ganin ya dube ta kai tsaye haka ba. Ya ce, can ƙasa, "Rabi."

Inna Kulu ta kama kunne ta ce, "Tsufa ya taɓa ni, ban ji ba."

Sai ya ɗaga murya, muryar da yake yanke shari'ar gona da ita. Ya ce, "Rabi'atu! Sunanta Rabi'atu. Ɗiyata ce ta fari."

Ai zabiya yake gaya wa, ba kiran yarinyar yake ba. Amma Rabi ta ɗago kai, ta dube shi, ta ce, "Na'am, Baba."

Ni kam kuka na yi, ban ɓoye ba, ga Binta a kafaɗa ga hawaye na zuba. Mata suka rangaɗa guɗa, kalangu ya ɓarke, Inna Kulu ta ɗauki sunan ta yi ta juya shi cikin waƙa, 'yan mata na amsawa. Rabi ta yi rawa. Ashe ta iya! Duk kwanakin nan da take gefe, koyo take. Maigida ya shiga fili da kwat ɗinsa ya manna mata kuɗi a goshi, ya gyara mata kallabin da ya karkace. Da ya fito ya yafuto mai jirgi ya ce ya koma, ya ba abokinsa haƙuri. Ya zauna a tabarmar tsofaffin mata, ya cire takalmi, ya karɓi Binta daga hannuna, Hamisu ya jingina da shi. Da Rabi ta gaji ta zo ta zauna a gefensa, ba ta matsa sosai ba, shi kuma ya tura mata ƙosan da ke gabansa. Aka kira lisha, aka ɗan ƙara kaɗan, aka tashi. Muka koma gida su huɗu a gaba, ni a baya da fitila.

Washegari muka haye, na tayar da mota, muka juyo. Gidan Rumji muka fara isowa. Gwaggon ta fito da murna, ta rungume Rabi. To nan fa tudu ne, kuma gaban yayarsa yake. Maigida ya tsaya daga nesa, ya ce, "Ke, ki bi gwaggonki sau da ƙafa." Ta durƙusa ta ce, "To, Baba." Na zaci za ta yi kuka, ba ta yi ba. Ta ɗauki ƙunshin kayanta, ta sumbaci Binta, ta ce mini, "Kawu Idi, sai wata rana." A Cadawa Hamisu ya riƙe ƙofar mota, sai da baffansa ya ɓamɓare masa yatsu. Binta kuwa tana barci muka miƙa ta ga kakarta a Gangara, ba ta ma san an rabu ba. Muka rage mu biyu. Motar da babu kaya ta fi ƙara, ku kun sani, ran nan kuwa kowane ƙarfe nata sai da na ji kukansa. Haka muka iso ƙofar buro. Da Maigida zai sauka ya dafa kafaɗata, ya ce, "Idi, ka riƙe amana." Abin da ya faɗa ke nan.

Ba a yi sati ba ya tafi gabas, wata mota ta zo ta ɗauke shi. Ban sake ganinsa ba. Bayan wasu shekaru muka ji rasuwarsa a can, Allah ya gafarta masa. Rabi kuwa na sake ganinta, ta zama ungozoma a asibiti a Maraɗi, na kai matar ɗana haihuwa. Ita ta gane ni, ta riƙe hannuna tana "Kawu Idi, Kawu Idi" kamar yarinya. Muka zauna a baranda, na kasa haƙuri na tambaye ta ko ya sake kira.

Ta ce, "Bai sake ba, Kawu. Ko saƙo ya aiko wa gwaggo, 'a gai da yarinyar nan' yake cewa. Amma ai na ji. Kuma gaban mutane ya faɗa."

To ku samari, abin da na koya ke nan. Manyan nan da kuke ɗauka, kuna ganin sun tsare gida a kujerar baya, mutane ne, wani yana ɗauke da abin da bakinsa ba ya iya furtawa. Ba aikinku ba ne ku yi musu wa'azi. Amma in an ba ku amanar iyali aka ce ku zaɓi inda za a kai su, kada ku bi inda kiɗa ya fi ƙara. Ku sauka ku zaga da ƙafa, ku tambayi tsofaffi, ku dubi yaran ku gane abin da suke nema. Wani lokacin wurin da ya dace da yaro, uban ma shi yake bukata.

Ban sake komawa tsibirin nan ba. An ce gidan ya rushe, Inna Kulu kuwa ai ta daɗe a ƙasa. Ina kewarsu, wallahi, har mai jirgin da ya yi mini dariya. Na tuƙa motoci masu sanyi a kan kwalta bayan nan, na kai manya garuruwan da ban iya lissafawa. Amma da za a ce, Idi, zaɓi tafiya ɗaya ka sake, wannan zan zaɓa, da gargadarta da zafin injinta. In ɗauke su su huɗu a tsohuwar jif ɗin nan, kuma a dawowa in yi ta tuƙi a hankali, don kada mu iso Gidan Rumji da wuri.